Kwanso Ɗari Biyu na Rodel Abellana

Shekara talatin Rodel Abellana ya yi yana auna magani a wani kanti a garin Danao. Da ya yi ritaya sai ya shiga ƙungiyar masu harbi, ya ce kuma ba zai sayi harsashin kanti ba, da hannunsa zai riƙa cika kwansunan da aka riga aka harba.

Ya ji an ce cikin kwanson tagulla ba ɗaya ba ne, wani ya fi wani faɗi, shi ya sa harsashi yake kaucewa ko da albarushin daidai yake. Sai ya zauna a baranda da sikelinsa da sirinji. Ya auna kwanso babu komai, ya ɗura masa ruwa har baki, ya sake aunawa, ya rubuta. Guda ɗari biyu, mako uku.

Surukinsa Boyet, ƙanin matarsa Luz, ya leƙo yana cin soyayyar ayaba. Manoy yake kiransa, wato yaya.

"Manoy, shayar da su kake yi?"

"Aunawa nake."

"Ni daga ƙasa nake tsintar nawa, in hure ƙurar."

"Shi ya sa ba ka san abin da kake harbawa ba."

Ranar gasa Boyet ya zo na uku. Rodel ya zo na sha ɗaya cikin sha biyu, na sha biyun kuma bindigarsa ce ta ƙi tashi. Alƙalin gasa ya daɗe yana duban takardar da Rodel ya harba.

"Tay," in ji shi, wato baba, "yaushe rabonka da likitan ido?"

Ran Rodel ya ɓaci, ya koma gida. Ran Litinin Luz ta tare mota ta kai shi asibitin ido a birnin Cebu. Likita ya ce yanar ido ce a idanu biyun, ta daɗe kuwa.

Bayan an yi masa aiki an cire bandeji, Rodel ya ɗauko sikelin ya ɗora kwanso ɗaya. Lambar da ya saba karantawa takwas, ashe uku ce. Ya ɗora na biyu. Ya ɗora na uku, su ma ba daidai ya rubuta su ba, sai ya ajiye sikelin.

A gasa ta gaba ya zo na biyar, da harsashin da Boyet ya ara masa.

"Yaya ka gan su, Manoy?"

"Ba laifi," in ji Rodel. "Amma ba ka san dalili ba."