Kaskon da Aka Sayo a Jankara

Ranar da labarin ya iso, Hajo tana bakin ƙofa tana juya waina. Jirgin ƙasa na safe bai daɗe da wucewa ba. Wata farar mota ta shigo lungun a hankali tana kauce wa kwata, ta tsaya gaban shagon Iya Basira. Mutum biyu suka fito, dattijo mai kwat da wani saurayi siriri sanye da rigar sanyi a cikin zafin Agege. Hajo ta gane saurayin. Idi ne, wanda jami'a ta tura Ingila tare da ɗanta Abdulganiyu, su yi karatun shekara guda a madadin ɗaliban can da suka zo Legas. Ko rabin shekarar ba a ci ba.

Idi ya gan ta ya sunkuyar da kai. Bai zo ya gaishe ta ba.

"Mama Ganiyu," in ji Iya Basira, maƙwabciyarta Bayarabiya, "maigida suke nema."

Hajo ba ta amsa wannan suna. Abdulganiyu ɗan fari ne. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tambayar lafiyarsa a gaban mutane ba. Haka ta ga uwarta ta yi. Yarbawan lungu sun sha yi mata dariya, ita kuwa sai ta ce "yaron nan" ta wuce.

Aka je mayanka aka kira mijinta Mato. Ya zo da jini a hannun riga, ya shige ɗakin waje da baƙin. Da ya leƙo, sai ya tsaya nesa da ita.

"Yaron nan ne ba ya jin daɗi," ya ce.

"Allah ya sawwaƙe," ta ce. Ta zuba ƙullu a tanda.

Masu sayen waina suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya. Iya Basira ta rufe shago da rana tsaka. Can Hajo ta hango ladan ya fito da tabarmin masallaci a kafaɗa, ya jingine su a bangon gidanta, bai shimfiɗa ba. Ƙanwarta Sa'adiya ta sauko daga danfo, motar hayar Legas, ba ko mayafin kirki.

"Wa ya kira ki?"

"Haba Yaya, sai an kira ni? Kawo in taya ki, ga ta nan tana ƙonewa."

Sa'adiya ce bakinta a wurin yaron tun yana ƙarami. Lokacin da za shi Ingila, a shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira, dangi kowa ya kawo abin da ya samu, wannan kilishi, wancan hula. Hajo ba ta da damar raka shi filin jirgi, ba ta da damar zaunar da shi ta yi masa magana. Ta dai ji ana cewa sanyin ƙasar yana daskarar da ruwa a cikin tulu. Sai ta hau mota ita kaɗai har kasuwar Jankara, ta zaɓo ɗan kaskon wuta na ƙarfe mai ƙafa uku, ta naɗe shi a zanenta mai ruwan goro tare da ƙullin gawayi. Ta ba Sa'adiya da saƙo: in sanyi ya matsa, ya hura, ya rufe ko'ina kada iska ta shiga. Da irin wannan kasko suke kwana in ruwan damina ya ƙi tsayawa, ba abin da ya taɓa samun kowa. Bangon ɗakinsu bai kai rufi ba, iska ta ko'ina take ratsowa.

Ta ji dariyarsa daga tsakar gida. "Inna Sa'adiya, can fa da lantarki ake ɗumama ɗaki!" Amma ya karɓa. Ya dubi labulen ɗakin uwarsa, ya sa ƙullin a ƙasan akwati.

Yanzu ta bar wa Sa'adiya tanda ta shiga ɗaki ɗauko mai. Katako ne kawai tsakaninta da ɗakin waje. Ta jiyo muryar Idi.

"Baba, masu haƙar kwal ne suka yi rikici da gwamnati, aka riƙa ɗauke wuta. Ɗakunan can ba irin namu ba ne, ko allura ba ta samun hanya. Da safe bai zo aji ba. Muka ɓalle ƙofa. Ya cusa tawul a ƙasanta, ya toshe taga da jarida. Yana kwance lafiya lau kamar mai barci, kaskon yana gefen gado. Likita ya ce gawayi yana fitar da wata iska da ba a gani, ba a jin warinta. Musulmin garin sun yi masa sutura. Ni ban ma san inda ya samo kaskon ba."

Sannan Mato ya ce, "Yana cikin kayan?"

"Yana ciki."

"Fito da shi ka ba ni. Kada uwarsa ta ji wannan. Sanyi ne ya kama shi, ka ji ko?"

Hajo ta tsaya da kwalbar mai a hannu har aka fara shimfiɗa tabarmi a waje. Liman ne ya shigo ya faɗa mata, bayan azahar. Mata suka cika ɗakin. Iya Basira ta faɗi ƙasa tana kiran Ganiyu, Ganiyu, da iyakar muryarta. Hajo ta zauna tana kallon bakin Iya Basira.

Da yamma Mato ya shigo da akwatin ya ajiye. Ta buɗe. Littattafai, hula, sauran kilishi da ya riƙa ci da kaɗan kaɗan. A ƙasa ga zanenta mai ruwan goro, an ninke shi da kyau, da baƙin gawayi a gefe guda. Ba kasko.

"Sanyin ƙasar ne," in ji Mato, yana kallon bango.

"Sanyi ne," ta ce.

Har Mato ya rasu ba su sake tayar da maganar ba. Ba ta tambaye shi inda ya kai kaskon ba, shi ma bai tambaye ta zanen wa ke cikin akwatin ba.

Hajo tana nan a Agege, tana waina. Kullum da safe, kafin ta taɓa gawayi, sai ta tura tagar ɗakinta ta tokare ta da itace, ko da ruwa ake yi yana fesowa kan gado. Jikokin Iya Basira sun ɗauka zafi take ji. In jirgin safe ya zo wucewa, ƙararsa ta cika lungun, sai ta ce "Abdulganiyu" sau ɗaya, sannan ta hura wuta.