Fijon Marigayi Hamza

Salansar motar ta yi ƙara kamar an harba bindigar toka, kajin maƙwabta suka watse, baƙin hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gidan. Sadiya tana tsaye a bayan ƙyauren langa-langa, ta kafa ido a wata 'yar huda da tsatsa ta ci. Iyakar inda takaba ta yarda ta taka ke nan. Daga ƙyauren zuwa waje duniyar maza ce, kuma yau mazan sun taru a kan abu ɗaya tak da mijinta Hamza ya bari mai daraja: tsohuwar Fijo, wadda ya saya da kuɗin sallama lokacin da masaƙar da yake wa aiki a Kakuri ta rage ma'aikata.

Hamza ya rasu a farkon daminar da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki. Ana ta murna a rediyo wai yanzu talaka zai sha iska, shi kuwa ciwon ciki ya ɗauke shi ba tare da ya ga ko ƙurar alkawarin ba. Tun ranar motar ke ajiye a gindin darbejiya, ruwa na dukanta. Jiya aka yi sadakar arba'in, yau za a yi wa kayan gado kuɗi a raba.

Lissafin Sadiya bai da tsawo. In motar na tashi, za a ba direba ya riƙa kabu-kabu tsakanin Kakuri da kasuwa, ita da 'yarta Sumayya su ci abinci, su riƙe ɗakin haya, yarinyar ta ci gaba da firamare. In ba ta tashi, wan mijinta Alhaji Isiyaku ya riga ya faɗa ba ɓoyo: zai ɗauki Sumayya ya kai gidansa na Makera, ita kuma uwar ta tattara ta koma gidan iyayenta a Malumfashi.

Wanda aka kira ya duba motar shi ne Ɗanjuma makanike, aminin Hamza, wanda ya ci tuwon hannun Sadiya har ba ya bukatar a yi masa tayi. Da ta ga shi ne, sai da ta sauke ajiyar zuciya. Ya zo da batir ɗin aro, ya ɗaura, ya buɗe murfin distirbuta ya goge raɓar da ta taru a ciki, ya ɗiga fetur a kafireta. Duk wannan ta san shi. Shekaru ta yi tana murza wa Hamza makulli da safe, shi yana ƙarƙashin bonet yana ce mata, “Mota abu uku take so, wuta da mai da iska. In ta ƙi tashi, ɗaya ne ya ɓace, a bi su ɗaya bayan ɗaya.”

Sai ta ga abin da ba ta taɓa ganin Hamza ya yi ba. Ɗanjuma ya waiga ya dubi Alhaji Isiyaku, sannan ya zare wayoyin fulogi biyu, ya sauya musu gurbi. Cikin natsuwa ya yi, kamar mai gyara hula. Da aka murza makulli, motar ta kama da ƙyar, tana tari, tana jijjiga, tana harbi ta salansa, sannan ta mutu.

* * *

An shimfiɗa tabarma a inuwa. Malamin da zai raba gadon, tsoho ne mai tsoron Allah wanda bai san bambancin fulogi da murfin kwalba ba, ya gyara zama ya ce, “To, Malam Ɗanjuma, kai ne gwani. Me ka gani?”

Ɗanjuma ya zaro sandar baƙin mai, ya shafa a yatsa, ya sunsuna, ya girgiza kai kamar likitan da ya zo a makare.

“Allah gafarta Malam, injin ya buga. Kun dai ji da kunnenku. Ni tun marigayi na da rai nake gaya masa. Wannan sai dai 'yan gwangwan na Fanteka su auna ta a kilo.”

Sadiya ta ji jini ya hau mata ka. Ta ƙwanƙwasa ƙyauren, ta yi sallama da muryar da ta yi iya ƙoƙarinta ta sassauta.

“Yaya Alhaji, a yi mini afuwa. Injin nan lafiyarsa ƙalau. Wayoyin fulogi aka juya, na gani da idona. A mayar da su yadda suke, a cire fulogan a goge, za ku ji yadda za ta tashi.”

Wani daga cikin dangi ya tuntsire da dariya. Alhaji Isiyaku bai ko juyo ba.

“Sadiya, yaushe kika buɗe gareji ba mu da labari? Mace tana takaba tana leƙen maza ta ƙyaure, tana ɗaga murya. Ko ƙasar kabarin ƙanena ba ta gama kwanciya ba.”

“To a kira wani makaniken, Yaya. Akwai Filibus a bakin titi.”

“Wato aminin mijinki ne maƙaryaci?”

Ɗanjuma ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, “Ƙyale ta, Alhaji, zafin rashi ne. Maman Sumayya, wallahi da akwai yadda zan yi da na yi.”

Rantsuwar ce ta fi yi mata ciwo. Ta tsane shi a wannan lokacin, tsana mai ɗaci wadda ba ta taɓa yi wa kowa ba. Ta kama sakatar ƙyauren. Taku kaɗan ne tsakaninta da bonet ɗin, kuma hannunta ya san inda kowace waya take zama. Amma matan gidan sun riga sun taso, wata tsohuwa ta riƙe mata zane tana raɗa mata, “Ke, rufa wa kanki asiri. Kina fita za a ce kin keta takaba saboda abin duniya, har abada ba za ki wanke kanki ba.”

Ta saki sakatar. Malam ya yi gyaran murya, ya ba ta haƙuri, ya ce shari'a da maganar masani take aiki. Aka yi wa motar kuɗin ƙarfe. Da yake Hamza bai bar ɗa namiji ba, Alhaji Isiyaku na da kaso a gadon, sai ya nisa ya ce shi zai ɗauki gwangwanin a nasa rabon, don kada ya zame wa marainiya wahala. Aka bar wa Sadiya da 'yarta katifa, rediyo, fanka da akwatin tufafin mamaci. Jama'a suka sa masa albarka, samari suka tura motar suka fice da ita daga layin.

* * *

Sauran watannin takabar ta yi su ne da sayar da kayan ɗaki, fanka ta tafi, rediyo ya bi baya. Kafin ta fita takaba, Alhaji Isiyaku ya aiko aka tafi da Sumayya. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ta dai tambaya ko za a bar ta ta tafi da kayan makarantarta. Aka ce ta bari, za a ɗinka mata sabbi. Har damina ta ɗauke ba a auna ta ba.

Ranar da Sadiya za ta bar Kakuri, tana ɗaure buhun kayanta sai ta ji an yi oda a ƙofar gida. Matan gidan suka leƙa suka dawo da fara'a.

“Kin ga mutumin kirki? Alhaji ne ya turo mota a kai ki tashar Kawo.”

Fijon ce. An yi mata fentin tasi, an wanke ta tana sheƙi, Ɗanjuma na zaune a gaban sitiyari da sabuwar hula. Ya gaishe ta idonsa na kan madubi.

“Sabon inji Alhaji ya sa mata,” in ji shi, ba tare da an tambaye shi ba. “Kada ki damu da kuɗin mota, sadaka ce, Allah ya kai ladan kabarin Hamza.”

Matan suka amsa da amin, suka zuba mata ido. Addu'a ce ga mijinta, babu yadda za ta yi. Ta ce amin, ta shiga baya ta rungume buhunta. Murzawa ɗaya motar ta tashi.

Hanyar ta bi ta Makera. Tun daga nesa ta hango Sumayya a bakin titi kusa da gidan Alhaji, da tiren dafaffiyar gyaɗa a ka, a daidai lokacin da sa'o'inta ke cikin aji. Ta rame, zanen da aka ɗaura mata ya yi mata yawa.

“Tsaya, Ɗanjuma. Don Allah tsaya in yi mata sallama.”

“Alhaji ya ce kada a tsaya, za ki tayar wa yarinya hankali.”

Ya ƙara taka totur. Sadiya ta buga gilashin da tafin hannu, amma yarinyar ta sauke tiren tana auna wa wani gyaɗa, ba ta ɗago ba. Sadiya ta runtse ido, ta roƙi Allah da dukkan zuciyarta motar nan ta yi tari, ta shaƙe, ta mutu a nan tsakiyar titi ko da na ɗan lokaci ne.

Har suka haye gadar kogin Kaduna, injin bai yi ko gyaran murya ba.