Tarin da Kaka Ta Ara

A saman kabad ɗin Kaka, bayan akwatin zare da tsohuwar fitilar da ta daina aiki, kwalaben maganin tari ne a jere, kowace cike har wuya. Ko cokali ɗaya ba ta sha ba a cikinsu, don lafiyarta ƙalau.

To, ba wai ba ta taɓa yin tarin ba. Ta yi shi da damina, mai tsanani, har keken ɗinkinta ya yi ƙura. A lokacin ne 'yarta ta fara aiko Dogo, jikan Kaka ɗan shekara goma sha shida, ya riƙa karɓo mata magani a kemis ɗin bakin titi. Yakan shigo da jakar makaranta a kafaɗa, yana sunkuyawa kada ƙofa ta buge shi.

"Tsohuwa, har yanzu kina nan ba ki mutu ba?"

"In na mutu wa zai aure ka, maigida, da wannan tsayi kamar falwaya?"

Sai ya zura mata zare a allura, ita kuma ta dafa masa shayi. Da tarin ya tafi, Dogo ma ya ɗauke ƙafa. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai agogo. Kun san tsufa da son mutane. Wata rana Kaka ta kira 'yarta a waya, ta ƙaƙaro tari har da shessheƙa, washegari kuwa sai ga Dogo da kwalba a leda.

Mai kemis bai taɓa neman takardar likita ba. Kaka ce ta ɗinka masa kayan makaranta yana yaro, saboda haka da Dogo ya ce "na Kaka ne" sai ya miƙo.

"Sa mini a sama," in ji ta, "sai na gama na wajena."

Dogo ya dubi na wancan karon da bai ko motsa ba, ya yi murmushi. Daga baya ma ba sai ta kira ba. Shi da kansa zai zo ya ce ya ji muryarta ta dishe, ya ƙaro mata. Ta shiga kicin, ta kawo shayi, ta koma wanke tukunya. Kafin ta fito ya miƙe a tabarma, barci ya kwashe shi, baki a buɗe. Sai ta tsayar da keke don kada ƙara ta tashe shi, ta zauna tana kore masa ƙuda. Duk maƙwabciyar da ta leƙo sai ta ji labarin jikan da ba irinsa.

'Yarta ta kawo ƙara cewa malamai sun ce barci yake a aji, ga rama, ga magana tana ja masa, jiya har ya ɗaga wa ubansa murya.

"Girma ne yake cin sa," in ji Kaka. "Ku bar mini maigida ya huta."

Da sanyi ya shigo, tari na gaske ya dawo mata. Ran nan da hantsi ƙirji ya riƙe ta, ta jawo kujera, ta hau tana dafa bango, ta sauko da kwalba ɗaya. Murfin ya buɗe ba gardama. Ta tsiyaya a cokali, abin ya zubo tsararo kamar ruwa. Ta kai baki. Shayi ne, ya yi tsami, har da ƙanshin cittar da take jefa masa. Ta sake hawa, ta ɗanɗana ta biyu, ta uku, har ta ƙarshe. Tana zaune a ƙasa, kwalabe kewaye da ita, wayarta ta yi ƙara. 'Yarta ce, tana kuka: Dogo ya yanke jiki ya faɗi a filin makaranta, yana ta karkarwa, an wuce da shi asibiti.

Kaka ta same shi a gado, ƙafafunsa sun zarce katifa, an sa masa ƙarin ruwa. Likita ta ce ya daɗe yana shan maganin tari, kwanan nan kuma ya fara haɗawa da ƙwayoyi. Zai tashi, amma ba ta yi alkawarin zai koma yadda yake ba. Ta tambaya ko sun san inda ya fara samu.

"Ko ma wane ne ya buɗe wa ɗana wannan ƙofa, Allah ya isa tsakanina da shi," in ji uwar. "Inna, ki ce amin mana."

Kaka ta kawar da kai, ta dubi gadon. Uwar ta bi likita waje.

Kaka ta matso da kujera, ta gyara masa zanen gado ya rufe ƙafafun. Tarin ya taso mata. Ta cusa bakin mayafi a baki, ta danne, ta danne, har hawaye suka zubo, amma sai da ya kuɓuce.

Dogo ya buɗe ido da ƙyar. Ya daɗe yana kallonta kafin ya gane ta.

"Tsohuwa," ya ce, harshen yana ja, "kina tari. In karɓo miki magani?"

Ta dubi idon nan da ta sani tun ranar da aka haife shi, ta nemi ta gane wanda yake tambayar, jikanta ne ko kuwa ƙishin abin. Ba ta gane ba.

"Na warke, maigida," in ji ta, ta haɗiye na biyun da ya taso. "Koma barcinka."