Lambar da Fenti Ya Rufe

Sukuru na huɗu ne ya ƙi bayyana, don masu ƙera rautar, akwatin da ke kawo intanet, sun ɓoye shi ƙarƙashin wata 'yar takarda mai manne, wadda ke gargaɗi da Turanci cewa duk wanda ya yage ta babu ruwan kamfani da shi. Raihana ta karanta gargaɗin har ƙarshe, saboda tana girmama rubutu, sannan ta soke shi da sukudireba.

"Kin dai san abin ga ba namu ba ne," in ji yayanta Abdulmutallib, wanda ke tsaye a kanta cikin babbar riga mai sitaci. Shi ne ciyaman na kwamitin da ke kula da ƙaramin asibitin da mutanen unguwa suka gina a bayan kasuwar Bukkuyum, kuma ya ɗauki tsayuwa a kan mai aiki a matsayin babban ɓangare na muƙaminsa.

"Na sani, Yaya. Matsa kaɗan, kana tare min haske."

Rautar farin akwati ce mai ƙahoni biyu, wadda wata ƙungiyar agaji ta kafa musu bara, da eriya a kan doguwar sanda, don sabis ɗin waya a wannan gefen gari sai ya ga dama yake leƙowa. Ta cikinta kaɗai rahoton asibitin yake iya tafiya ofishin ƙungiyar a Gusau. Yau Laraba, kuma duk asibitin da rahotonsa bai isa ba kafin ƙarfe huɗu, motar da za ta taso gobe da maganin tamowa ba za ta ɗauko nasa ba. Mota ta gaba sai bayan sati shida, idan hanya ta yarda. Sista Ruƙayya, mai kula da asibitin, tana da yara arba'in da ɗaya a littafinta da kwali biyu kacal a sito.

Tsohon tabulet ɗin da ake aika rahoto da shi batirinsa ya kumbura ya mutu. Jiya aka kawo sabo, sabon kuwa bai san kowa ba, sai ya nemi lambar sirri kafin ya hau rautar. Lambar tana nan, ko kuma ta kasance tana nan, a jikin bango saman kantar magani, inda injiniyan ƙungiyar ya rubuta ta da biro. Sati uku da suka wuce aka ji labarin manyan baƙi za su zo daga Gusau, ciyaman ya kira Magaji mai fenti, Magaji ya yi wa bangon kore shafi biyu. Baƙin ba su zo ba. Da safen nan Jatau maigadi ya bi wurin da reza yana kankarewa a hankali har ya kai ga siminti, ya samo wani abu mai kama da bakwai, wanda daga baya aka gane tsagar bango ce.

Lambar wayar injiniyan a kashe take. Abin da ya bar musu kawai shi ne wasiyya: kada kowa ya danna ɗan maɓallin da ke cikin rami a baya, don zai share duk saitin da ke haɗa su da Gusau.

Shi ya sa aka aika wa Raihana. Ta yi difloma a fannin lantarki a Ƙaura Namoda, ta dawo gida ta yi aure, ta buɗe gyaran waya a ɗakinta. Matan gari ba sa son kai wayarsu rumfar maza a kasuwa, saboda hotunan da ke ciki, don haka kasuwarta ba ta taɓa mutuwa ba. Da ta iso ta fara da hanya mafi sauƙi. Ta tambayi ma'aikata da 'yan kwamiti ko akwai wanda wayarsa ta taɓa hawa rautar, don waya ba ta mantuwa, cikin minti ɗaya za a ciro lambar. Sista Ruƙayya ta ɗaga ƙaramar wayarta mai tocila. Jatau ya girgiza kai yana kallon rufi. Abdulmutallib kuwa ya yi jawabi. Ya ce intanet ɗin nan amana ce ta marasa lafiya, ya ce tun ranar farko ya hana kowa taɓa ta, ya ce duk wanda ya sha daga cikinta don kallon wasan kwaikwayo zai yi bayani gobe kiyama. Bayan jawabin ba wanda ya ƙara tunawa da komai.

Gaskiya ita ce, wani gefe na zuciyar Raihana ya yi murna. Shekara biyu ke nan tana ajiye da wata 'yar na'ura shuɗiya da ta saya a Sakkwato, wadda ba ta fi ɗan yatsa ba, aikinta ta haɗa kwamfuta da cikin irin waɗannan akwatuna. Ta ga ana yi a bidiyo sau da yawa. Ba ta dai taɓa samun wanda ya yarda ta buɗe nasa ba.

Murfin ya ɓalle. A ciki akwai koren fanel, da gawar gizo-gizo, da wasu ƙananan ramuka huɗu a jere kusa da gefe, babu rubutu a kansu. Ta nuna wa Sista Ruƙayya. Ta ce masu ƙera na'urar suna barin wa kansu ƙofar baya, inda suke magana da ita kafin su rufe ta su sayar. Rami ɗaya na wuta ne, ɗaya na ƙasa, ɗaya bakinta, ɗaya kunnenta. Matsalar kawai ba su faɗi wanne ne wanne ba, kuma wanda ya haɗa na wuta inda bai dace ba zai ji ƙauri.

"In anka ji ƙauri fa?" in ji Abdulmutallib.

"Sai ka kira taron kwamiti."

Inna Uwani, tsohuwar ungozoma da ke zaune a tabarma tana auna damtsen yara da ɗan tef mai launi uku, ta matso da tabarmarta kusa da teburin da Raihana ke aiki.

Raihana ta ɗauko mitar awon wuta. Ramin ƙasa bai ba ta wahala ba, mitar ta yi ƙara da ta haɗa shi da ƙarfen jikin fanel. Ta kunna rautar. Rami na biyu ya tsaya cak a kan uku da ɗigo uku, na wuta ke nan, ta sa masa alama da jan farce don kada hannu ya ɓata. Na uku lambarsa ta yi ta rawa, tana hawa tana sauka, kamar mai surutu. Wannan bakin ne. Wanda ya rage, shiru, shi ne kunne.

Tana cikin rubuta wannan a bayan wani katin riga-kafi sai ta ji wani ɗan sauti, tin-tin, sau biyu. Ta kai kunne kusa da fanel. Ta juya shi. Babu sifika a jikinsa, babu abin da zai iya yin kuka. Ta ajiye abin a ranta.

Da ta jona ƙarfen solda a batirin sola ta warware zaren dalma, wata mata da ta zo daga Yargalma, inda gubar dalma ta taɓa kashe yara da yawa, ta ji sunan abin, ta saɓi ɗanta ta fice ba sallama. Sista Ruƙayya ba ta yi mata bayani ba, don matar ta fi kowa a ɗakin sanin dalma. Ta dai sa aka buɗe tagogi, aka mai da sauran iyaye da yara ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Inna Uwani ta ce ita ta tsufa da tashi.

Fil uku Raihana ta dasa, ta bar ramin wuta a buɗe. Ta haɗa su da shuɗiyar na'urar, ta soka ta a laftof, ta kunna rautar. Baƙin allo ya cika da wasu alamu marasa kan gado, akwatuna da ƙugiyoyi da alamun tambaya. Abdulmutallib ya sunkuyo ya duba, ya ce ko dai Sinanci ne. Ta ce a'a, saurin da take magana ne ya bambanta da saurin da kwamfutar ke saurare. Tin-tin, abin ya sake yi. Wannan karon ta kalli agogo: daƙiƙa arba'in bayan kunnawa.

Ta canza lambar saurin sau biyu. A na uku rubutu ya zubo tsaf, layi bayan layi, rautar tana faɗin sunanta, da shekarar da aka ƙera ta, da abin da take dubawa a jikinta kafin ta tashi. Raihana ta manta da kowa. Wata goma sha huɗu akwatin nan yana kan kantar, kullum da safe yana wannan dogon bayani a cikin duhu, babu mai ji.

Ta danna maɓalli don ta amsa. Babu abin da ya faru. Ta sake dannawa. Rautar ta ci gaba da zuba kamar ba a yi ba.

"Tana magana, amma ba ta ji," in ji Raihana.

"To ai ta dace da ofis," in ji Sista Ruƙayya. Ta kalli agogon bango. Uku saura kwata.

Raihana ta ɗauko gilashin ƙara girma ta bi siririn layin da ya tashi daga ramin kunne. Ya yi tafiya kamar faɗin farce, ya katse a wasu ɗigo biyu na azurfa da ke kallon juna. Da can akwai wani ɗan ƙaramin abu a tsakaninsu, masu kamfani suka cire kafin su sayar, don kada irin su Raihana su dame su. Ta yanke tsohuwar wayar iyafis, ta zaro silin tagulla ɗaya da bai kai kaurin gashi ba. Sau biyu yana manne wa bakin ƙarfen ya taso. Abdulmutallib ya fara cewa ko a haƙura a rubuta wa ƙungiyar takardar ban haƙuri, shi ya iya irin wannan takarda. A karo na uku silin ya kwanta.

Ta kunna, ta jira rubutun ya gama zuba, ta danna. Rautar ta amsa nan take, ba ta ko tambayi wace ce ba. Ƙofar gaba an sa mata kwaɗo, ta baya ko labule babu. Umarni biyu ta rubuta daga cikin waɗanda ta haddace, sai ga lambar sirrin a fili, haruffa da lambobi goma sha biyu, babu bakwai ko ɗaya a ciki.

Sista Ruƙayya ta kwafa a tabulet. Wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa, ya tsaya, ya ce rahoto ya tafi. Ƙarfe uku da minti ashirin da biyar. Ta ce alhamdu lillahi, ta fita ta gaya wa iyayen yara su dawo jibi.

Aiki ya ƙare, amma sautin nan bai bar Raihana ba. Ta rubuta umarni na uku, wanda ke nuna waɗanda ke kan rautar a yanzu. Ta yi tsammanin suna ɗaya. Sha huɗu suka fito. Yawancinsu ta san su, don al'adarta ce duk wayar da ta gyara ta sa mata sunan mai ita, kada su cakuɗe a faranti. Ga Husainar Malam Nuhu, mai gidan da ke jikin katanga. Ga uwargidan Jatau. Ga wata guda da ba ta gane ba, haruffa ne kawai da lambobi. A layi na biyu kuwa, da irin rubutun da ita kanta ta yi ranar jajibirin sallah: Yaya Ciyaman.

Ta ɗago ta kalle shi. Shi ma allon yake kallo, kuma karatunsa na boko ya isa wannan layin.

"Mi kinka gani kuma?" ya ce, a hankali.

"Ba komai, Yaya. Ashe tana riƙe sunan duk wanda ya taɓa gaishe ta."

Ta goge allon kafin Sista Ruƙayya ta dawo. Ta cire wayoyinta, ta bar fil ɗin uku a inda suke, ko wata rana. Ta mai da murfi da sukuru huɗu, ta ɗora rautar a kan kantar ƙarƙashin wurin da Jatau ya kankare, ta kunna, ta fara ƙirgawa a zuci. Tana kai talatin ta ga hannun yayanta ya shige cikin babbar riga ya daɗe. A arba'in aljihunsa ya yi shiru. Ya ce bari ya je ya yi shirin la'asar, ya fita da sauri fiye da yadda sitaci ke so.

Tin-tin.

Daga tabarma ya fito. Inna Uwani ta sa hannu cikin hijabi ta zaro wata babbar waya mai kyalli, ta ce Auwal ne, ɗanta da ke Jidda, kullum war haka yake aiko mata da murya.

Raihana ta zauna a gefen tabarmar. "Inna, ke ma kina kai?"

"Awo. Ran da Magaji ya taho da bokitin fenti na ce mashi ya kwahe man rubutun kahin ya shahe." Ta kwance bakin zanenta, ta fiddo wata 'yar takarda da aka ninke sau huɗu, da tambarin koren yatsa a gefe. Haruffa da lambobi goma sha biyu.

"To mi ya hana ki faɗi tun da rana?"

"Masu boko kinka tambaya, ɗiyata." Ta mai da takardar ta ƙulle. "Da uku da rabi ta yi ba ki gama ba, da na ba Ruƙayya. Ina kallon agogo." Ta ɗaga kai ta dubi farin akwatin a kan kantar, fitilunsa na ƙiftawa. "Shekara guda ina share mashi ƙura. Ni ma ina son in ga mi ke ciki."