Direban Motar Makaranta a Ɗakin Gwajin Ido

"Sunkuyar da kai, Baba, har tsakanin gwiwoyinka," in ji likitar ido. "Kar ka ɗago sai na ce."

Ya sunkuya yana dariya. "Yau kuma ruku'u ake yi a asibiti?"

Ita ko murmushi ba ta yi ba. Haka ake yi wa tsutsotsin da ke makantar da mazauna bakin kogi dabara: in kai ya yi ƙasa, sai su gangaro gaban ido, inda fitila za ta kama su. Tun da ta ga yadda yake susar ƙwauri, ta kuma ji a bakin kogi ya girma, take zargin yana ɗauke da su. Ba baƙo ba ne. Shi ke tuƙa motar makarantar da ke ɗaukar 'yarta kullum, har yana tsokanar yarinyar yana ce mata amaryarsa.

Da ya ɗago, ta ɗora haɓarsa kan na'ura, ta haska. Ga su nan kuwa, sirara kamar zare, suna mutsu-mutsu cikin ruwan idon.

Ta zauna gabansa. "Kalli hancina. In ka ga yatsana, yi magana."

Ta taho da yatsan daga wajen kunnensa a hankali. Shiru. Ya wuce kunci, shiru. Sai da ya zo saitin hancinsa ya ce, "Ga shi."

"Baba, magani zai kashe su. Amma abin da suka ɓata a jijiyar ido ba ya dawowa. Gabanka kawai kake gani, kamar mai leƙe ta bututu."

"To ai gaba ake tafiya, 'yata." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ki rufa min asiri, Allah ya rufa naki. In masu makarantar suka ji, sun sallame ni, ga marayu a gida."

Tausayi ya kama ta, tsoro kuma ya fi shi ƙarfi. Ta tuna ƙofar makarantar, inda yara ke ɓullowa a guje daga gefe.

Ya zaro mukulli daga aljihu. "Bari in je, an kusa tashi. Kar amaryata ta yi fushi."

Sai ta miƙa hannu ta gefensa, tafin a buɗe, dab da kafaɗarsa, ko zai ɗora mata mukullin da kansa. Ya gyara zaman hularsa, ya yi mata godiya, ya nufi ƙofa. Bai ga hannun ba.