Takalman Mijin Yaya Tabawa

Wani mafarki na yi jiya da dare, kuma ni ba mai yawan mafarki ba ne. Shekara ashirin da biyu ina jan tirela, in na kwanta kamar an yar da buhu nake.

Na gan ni a kan hanyar ƙasar Janar, zan ɗauko yayata Tabawa da ke aure a can. Sojoji sun tafi da mijinta, Malam Sidi, saboda ya kashe rediyo Janar na tsakiyar jawabi. Mutane na ta fitowa daga ƙasar a ƙafa. Wani tsoho ya ɗauko rijiyarsa a ka, ruwan na zubo masa a wuya.

Na ce, "Baba, ina za ka sauke ta?"

Ya ce, "Duk inda aka bar ni. Gari uku ke nan suna ce min ba su da wurin rami."

A bakin iyaka wani bunsuru ne a kan tebur da hular soja. Ya karɓi takarduna ya cinye, ya yi gyatsa, ya ce sun cika, in wuce.

Sai ga ni a tsakar gidan Tabawa. Ruwa ake yi, amma daga ƙasa yake tashi sama, don Janar ya ba da oda a mayar da na bara. Ta kwashe tuwo ta ajiye kwanon maigida a gaban takalmansa, da ke bakin ƙofa su kaɗai. Da aka kira la'asar takalman suka tashi suka nufi masallaci. Na bi su na leƙa. Sahu uku, duk takalma, ba masu su.

Da muka dawo na ce, "Yaya, tashi mu tafi gida. Mota na waje."

"In tafi a matsayin wa, Tanko? Na je ofis na ce a ba ni gawa in shiga takaba, akuyar wurin ta ce bai mutu ba. Na ce to a ba ni mijina, ta duba littafi ta ce ba a taɓa haihuwarsa ba."

"Mutumin nan ba zai dawo ba. Kin sani, na sani."

"Kai dai tun kana goye bakinka bai iya lallashi ba."

"To mu tafi da takalman."

Ba ta hana ni ba. Na sunkuya. Ni da nake ɗaga tayar tirela ni kaɗai, na kasa ko motsa su.

Ta ce, "Bar su. In ya fito, da me zai taka?"

Ta rako ni bakin mota, ta miƙo min ƙullin daddawa. "Kai wa Inna. Ka ce ka same ni lafiya."

"Ƙarya zan yi wa tsohuwa?"

"Ka yi. Ni zan ɗauki zunubin."

Na ja mota ina kallonta ta madubi. Na san mutum ƙanƙancewa yake in ka yi masa nisa. Ita ƙara girma take, har ta cika madubin. Na taka birki, babu birki, sai ƙarar inji kawai ke ƙaruwa.

Na farka. Ashe injin markaɗen maƙwabcina ne, mata sun fara kawo wake. Na lalubo waya na buga lambar Tabawa. Wata biyar ke nan ba ta shiga. Na zauna a bakin gado da wayar a kunne, injin na ta niƙa.