Rabin Harshen Gwaggo

Shekara goma sha tara Gwaggo tana dafa wa ma'aikatan wani kamfanin ɗab'i abincin rana, ba a taɓa kushe girkinta ba. Sai bana aka yi mata aiki a kunnen dama, aka gyara dodon kunnen da ya huje. Ji ya dawo tas. Amma ranar da ta koma kicin, direban kamfanin ya kai loma ɗaya ya ajiye cokali.

"Gwaggo, yau rabon gishiri aka yi kyauta?"

Ta ɗebo miyar ta lasa a gefen dama, yadda ta saba. Ta ji miyar lami, sai wani ɗanɗano kamar ta tsotsi makulli. Kowa kuwa sai kwankwaɗar ruwa yake.

Abin ya fi ba ta mamaki fiye da haushi. Da ta koma gida ta zauna gaban madubi da gwangwanin sukari. Ta dangwala a gefen hagu na harshenta, zaƙi. Ta kurkure baki ta dangwala a dama. Tana jin ƙwayoyin kamar yashi, amma zaƙi ko alama. Ta gwada gishiri, ta gwada lemun tsami, duk kanwar ja ce.

Maigidanta, tsohon mai gyaran wutar lantarki, yana daga bakin ƙofa yana kallo.

"Waya suka taɓa," ya ce.

"Malam, kai komai waya ne. Kunne aka yi wa aiki, ina ruwan harshe?"

"Sau nawa na huda bango a falo fitilar banɗaki ta mutu?"

Ranar komawa asibiti ta zayyana wa likitar da ta yi mata aikin duk gwajin da ta yi. Likitar ta ajiye biro ta dube ta.

"Mama, ai kin gama mini aikina."

Ta jawo takarda ta zana kunne da harshe, ta haɗa su da siririn layi.

"Akwai jijiya mai kaurin zare da ke kai saƙon ɗanɗano daga gaban harshe zuwa ƙwaƙwalwa. Ta bayan dodon kunne take ratsawa, tsakanin wasu 'yan ƙasusuwa. Dole muka ɗan matsar da ita kafin mu yi gyara, shi ne ta yi fushi."

"To me ya sa nake jin yashin sukarin?"

"Taɓawa da zafi jijiyarsu daban. Can bayan harshe kusa da maƙogwaro ma wata ce ta uku."

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Harshe ɗaya, ma'aikata uku! To ita ta ɗanɗanon me ya kai ta kunne? Hanya ce ta ƙare?"

Likitar ta yi dariya. "Tun jariri yana ciki, muƙamuƙi da kunne maƙwabtan juna ne wajen halitta. Da suka girma suka raba gari, ita ta zauna a tsohuwar hanyarta. Ba a tsinke ta ba, ki ba ta 'yan watanni."

Gwaggo ta roƙi takardar ta ninke. A gida ta miƙa wa maigidan. Ya sa tabarau ya bi layin da yatsa har ƙarshe, yana murmushin da ya fi surutu ciwo.

A kicin ta koyi karkata ludayi zuwa hagu, miya ta dawo daidai. Duk safiya kuma kafin ta kunna murhu sai ta ɗiga wa daman lemun tsami, ta jira.

Wata na huɗu, wata Talata, ta ji wani ɗan tsami can nesa-nesa, kamar sallamar baƙo daga bakin titi. Ta sake ɗigawa. Ido ya runtse da kansa. Ta jawo kujera ta zauna da rabin lemun a hannu tana ta tsotsa, har mai kawo kayan miya ya gaji da buga ƙofa ya leƙo ta taga.